Kafin ka ɗora sola a kan kwanonka, zauna ka yi lissafi

Duk wanda yake Gombe a watan Afrilun 2024 ba zai manta ba. Ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos, garin ya shiga duhu na makonni, ga shi tsakiyar bazara, zafi kamar ya tsaga kai. Fetur kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya fi ƙarfin janareton talaka. A makonnin nan na ga mutane a ƙofar shagona fiye da waɗanda na saba gani a shekara guda, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa: "Malam, nawa ne sola?"

Ni aikin wayarin na koya tun ina saurayi, daga baya na koma haɗa sola a gidaje da shaguna, daga Pantami da Bolari har ƙauyukan Akko da Yamaltu Deba. Tambayar nan ba ta da amsa, kamar ka tari magini ne ka ce nawa ne gida. Abin da nake gaya wa kowa shi ne ya koma gida ya ɗauko takarda da biro tukuna. Wanda ya fara da kasuwa, kuɗinsa ne zai yi ciwo.

Na ga haka a gidanmu. Wata goggona da ke sayar da zoɓo da kunun aya ta kwashi adashinta, ba ta shawarce ni ba don kada ta ɗora mini nauyi, ta aiki yaro ya sayo fanel ɗaya da batir ɗaya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta nefa. Mai shagon ya ce musu zai ɗauki komai na gidan. Wata bakwai batirin ya mutu. Da na je na tarar da tsofaffin fankokin sama guda biyu, da ƙwayayen lantarki masu zafin nan, da firiza, har da dutsen guga, duk a wuyan batir ɗaya. Ta ce, "Ɗan nan, ashe solar ma ƙarya ce?" Na ce, "Goggo, ba ƙarya ba ce, jaki ɗaya aka ɗora wa kayan raƙumi." Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don na san yadda ta tara kuɗin nan.

To ga yadda lissafin yake. Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa ko a bayansa, da harafin W a gefe, wato wat, ma'aunin abin da yake ci. Ka rubuta wat ɗin, ka ninka da yawan kayan, ka sake ninkawa da awannin da yake aiki a rana. Abin da ya fito shi ne cinsa na yini, ana kiransa wat-awa. Bari in ɗauki gida mai ɗaki biyu da falo. Ƙwai shida masu wat 9, awa biyar kowane dare, 270 ke nan. Fanka biyu masu wat 30, awa goma, 600. Talabijin da dikoda, a ce wat 75, awa huɗu, 300. Cajin wayoyi biyar, a ba su 80. Ƙaramar firiza a zafin garin nan, ka ware mata 1,000. Jimla 2,250.

Ka lura da lambobin da na sa wa ƙwai da fanka, don nan ne maganar take. Da tsofaffin ƙwayaye masu wat 60 ne, su kaɗai za su ci 1,800. Da fankar sama ta da ce, mai cin wat 75, biyun za su ci 1,500. Wato 3,300 a inda sababbin suka ci 870, kuma hasken ɗaya ne, iskar ma kusan ɗaya. Wannan bambancin na 2,430, in za ka biya shi da sola, sai ka ƙara fanel na sama da wat 600, ka kuma ƙara batir. Kuɗin canja ƙwai shida da fanka biyu bai kama ƙafar wannan ba. Shi ya sa nake cewa sayayyar farko ta mai son sola ba fanel ba ce, ƙwan LED ne da fanka mai ƙaramin ci, irin wadda ake ce wa ta DC. Wutar da ba ka ɓarnatar ba ta fi kowace wuta araha, kuma ko da ba ka kai ga sa solar ba, kuɗin mitarka zai ragu tun daga watan.

Akwai kayan da nake cewa a cire su daga lissafin gaba ɗaya: dutsen guga, hitar ruwa, risho na lantarki, butar dafa shayi. Abin da aikinsa samar da zafi ne, yawanci daga wajen wat 1,000 yake farawa. Dutsen guga ɗaya ya fi ƙwai ɗari na LED ci. A bar su sai an kawo wutar nefa, ko a yi musu layinsu daban wanda bai bi ta inbata ba. Wannan raba layin shi ne aikin da nake fara yi a kowane gida, domin ko ka yi wa mutanen gida gargaɗi sau goma, wata rana baƙo zai zo ya jona hita.

Yanzu fanel. Wuta tana zubewa a hanya, a waya da inbata da cajin batir, ga ƙura ga zafi, saboda haka ka ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari a kan jimlarka. 2,250 ta zama kusan 3,000. Sai ka raba da biyar. Me ya sa biyar, alhali rana tana fitowa awa goma sha biyu? Saboda ranar hantsi da ta la'asar ba su da ƙarfin ta tsaka, in aka tattara ƙarfin yinin duka, a yankinmu yana kamawa awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana. Ni da biyar nake aiki. 3,000 a raba biyar, wat 600. A irin wannan gida ina sa fanel biyu masu wat 400, don rarar ta rufa asiri a watan Agusta, lokacin marka, da hadari zai rufe gari kwana biyu ko uku, da kuma kwanakin hazo na hunturu.

A kasuwa kada ka yarda da takardar da aka manna a bayan fanel kawai, ana buga ta a ko'ina. Girman fanel ba ya ƙarya. Na zamani yana ba da wat 200 da ɗan ɗoriya a kowace murabba'in mita. Fanel mai girman sallaya ba zai wuce wat 150 zuwa 170 ba, ko an rubuta 400 a jikinsa. Na wat 550 na gaske ya fi mita biyu tsawo, ya ɗara ƙofar ɗaki. Ka je da mai aikinka da mitar gwajinsa, a fito da fanel ɗin rana, a auna bolt da amfiya, wato ƙarfin wutar da yawanta, a gwada da abin da aka rubuta. Mai kayan kirki ba ya jin haushin gwaji. Ka duba gilashin da kyau, in ka ga tsaga, ko wani wuri ya yi ruwan ƙasa kamar ƙuna, ka ajiye shi ko da rabin kuɗi ne.

Batir shi ne inda ya kamata ka fi daɗewa, don shi ya fi tsada kuma shi ke fara mutuwa. Fanel mai kyau yana shekara ashirin da biyar yana aiki. Batir kuwa, yadda ka riƙe shi ne zai nuna ko shekara ɗaya zai yi ko biyar.

Batir abincin dare yake ajiyewa, don haka abin da ake ci bayan faɗuwar rana za ka lissafa. A gidan misalinmu, ƙwai 270, fanka awa takwas na dare 480, talabijin 300, wayoyi 80, sun kama 1,130. Da abin da inbata ke ci wa kanta, a ce 1,400. Ban sa firiza ba, da gangan, zan zo kanta. Batirin ruwa mai dogon jiki, wanda ake ce wa tubula, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, yana ɗaukar wat-awa 2,400, wato 12 sau 200. Amma rabi ne naka. Batirin dalma irin wannan in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum, farantan cikinsa suna yin wani farin tsatsa da ba ya fita, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya zama ana caji minti talatin ya cika, ana kunna fanka minti talatin ya ƙare. Abin da ya kashe na goggo ke nan. Saboda haka batir ɗaya 1,200 yake ba ka, bai kai 1,400 ba. Biyu za ka saya, a haɗa su su ba da bolt 24, ka sami 2,400 na amfani, da rarar ranar hadari.

Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, ba ya son ruwa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na dalma yake ƙarewa a dubu da 'yan ɗari ko da an kula da shi. Ɗaya mai bolt 24 da amfiya-awa 100 ya ishi wannan gida. In aljihu zai iya, shi nake ba da shawara, musamman nau'in da aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, don ya fi jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba. Sai dai a yi hattara da waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batir a zuba a sabon akwati. Ka nemi shaidar garanti a rubuce, da sunan shago da kwanan wata.

In na dalma za ka saya, ka ɗaga shi. Tubula na gaske mai 200 ya fi buhun simintin Ashaka nauyi, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi. In ka ji shi sakayau, an rage dalmar. Kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Kada kuma ka sa batirin mota, an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan ya tayar da inji, ba don ya kwana yana juya fanka ba.

Inda za ka ajiye shi ma magana ce. Zafi yana cin batirin dalma, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana iya rage rabin kwanansa, mu kuwa a Maris da Afrilu muna ganin 40. Ka nema masa wuri mafi sanyi a gidan, mai iska, a ɗora shi a kan katako, nesa da kicin da inda yara ke wasa. Ba a kwana da batirin ruwa a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Duk wata ka duba ruwansa, a bazara ma duk sati biyu. In ya sauka, ruwan batir tatacce za ka ƙara. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da asid. Na sha tarar da batir mai tsada da aka kashe da ruwan leda na naira hamsin.

Inbata ba ta buƙatar dogon bayani. Ka tara wat ɗin duk abin da zai iya kasancewa a kunne lokaci ɗaya, a gidan nan bai kai 400 ba, sai ka tuna injin firiza yana fizgar ninki uku zuwa biyar na cinsa a lokacin da zai tashi. Mai ƙarfin 1.5kVA ta wadatar. Ka ce a ba ka wadda wutarta take fita sumul irin ta nefa, don mai arahar nan tana sa fanka gurnani, tana kuma gajiyar da injin firiza. Kada ka sayi babba don burga, ita kanta tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, kuma babba ta fi ci. Na'urar da ke tsakanin fanel da batir, wato kwantirola, iri biyu ce. MPPT ta fi PWM tsada, amma tana tatso wutar da ɗayar ke bari ta zube, kuma da manyan fanel na yanzu ita ce ta dace. Yawancin sababbin inbatoci da ita a cikinsu suke zuwa.

Wajen waya kam ba na sassauci. Ka kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago. In ja ce har ciki, jan ƙarfe ne. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa launi, zai yi zafi ya cinye maka wuta, wata rana ya narke. Tsakanin batir da inbata waya mai kauri ake sawa, gajeriya, da fis ko abin katse wuta na DC a kusa da batir. A kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure ƙarafan fanel da ita, a sa abin kare tsawa. Kowace damina sai an kawo mini inbatar da tsawa ta ƙona. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola kafin fanel, wajen kwancewa kuma fanel ake fara cirewa. In ba aikinka ba ne, kada ka hau kwano da kanka, fanel biyu a haɗe cikin rana suna iya yi wa mutum illa.

Gombe tana wajen digiri goma ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka fanel kudu yake kallo. Ka fuskanci gabas, hannunka na dama shi ne kudu. A karkata shi kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Ba a miƙar da shi sosai, don daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan ratsawa ta arewa da mu da tsaka. Ba a kuma kwantar da shi ɗaɓas, don ruwan sama ya samu ya gangara da ƙura. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da kwano iska ta riƙa wucewa, domin fanel haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsa a digiri 25 aka auna shi, kuma fanel da aka manna a jikin kwano a watan Afrilu yana haura 60. A ɗaure shi da katakon rufin, ba da kwanon kawai ba, kowa ya san abin da iskar farkon damina take yi wa rufi a garin nan.

Sai inuwa. Kafin a kafa, ka tsaya a wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwar dogon yaro, ko tankin ruwa, ko dish, ko benen maƙwabci take faɗawa. Ƙwayoyin fanel a jere suke kamar mutane a sahu suna miƙa wa juna bokiti, in inuwa ta rufe kaɗan daga ciki, duk layin ya ragu. Wani Alhaji a Tumfure ya kira ni yana faɗa cewa an cuce shi, fanel huɗu ba sa cika batir. Na hau na tarar da reshe ɗaya yana rufe gefen biyu daga ƙarfe ɗaya na rana. Ya ce a sare bishiyar. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, inuwar nan ita ke sanyaya maka ɗakin da kake sa wa fanka." Reshen muka rage, magana ta ƙare. Ba na son ganin an sare bishiya saboda sola, a garin da zaizayar ƙasa ke cin unguwanni, ana ta fama da dashen itatuwa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gabarka. Ka shafa yatsa a kan gilashin, in ya bar layi, lokacin wanki ya yi. A hunturu ina cewa sau ɗaya ko biyu a sati, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa da tsumma mai laushi. Ba a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana, ba a sa omo ko soson ƙarfe, ba a kuma taka shi. Kashin tsuntsu a cire shi da wuri, don wurin da ya rufe yana yin zafi har ya ƙone.

Na ce zan dawo kan firiza. Dabarar ita ce gida ya koyi yin aikinsa mai nauyi lokacin da rana take sama. Daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma wuta daga fanel take zuwa kai tsaye, ba ta taɓa batir ba. A lokacin ake kunna firiza, a jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare, da yamma a kashe ta, a rage buɗewa. Ƙanƙarar nan ita ce batirin firizar, kuma ba ta mutuwa. Injin jan ruwa, injin markaɗe, keken ɗinki, cajin fitilu, duk a tura su tsakar rana. Goggo yanzu haka take yi, da fanel biyu da batir biyu da fankokin DC. Zoɓonta yana kwana da sanyi. Na koya wa jikanta duba lambar da ke fuskar inbata da asuba, kafin rana ta fito, ya rubuta a littafi. A tsarin bolt 24 na dalma, in lambar tana sauka ƙasa da 24.2 kullum, ana cin fiye da rabi, sai a rage wani abu da dare tun batir bai fara gajiya ba.

Wanda kuɗinsa bai kai wannan ba, kada ya ci bashi ya sayi rabin tsari. Ƙaramar sola mai ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, ta fi babbar da aka haɗa da kayan jabu. In kuma a hankali za ka gina, ka sayi inbata da kwantirola da za su karɓi ƙarin fanel nan gaba.

Ranar da batir ya mutu, kada a bar shi a tsakar gida, kada kuma a ba yara su kai wa 'yan gwangwan su fasa a bayan layi. Abin da ke cikinsa dalma ce da asid. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar, tana shiga ƙasa da ruwan rijiya, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba a sani ba. Na taɓa ganin ana zubar da ruwan batir a kwata, awaki na sha a ƙasa kaɗan. Dillalan batir da yawa suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo, su tura shi inda ake narkarwa. Ka tambayi wannan tun ranar da kake saye. Ka kai shi a tsaye da murafansa a rufe, ba a zubar da ruwan ba, ka sa safar hannu, in ka dawo ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. Na litiyam kuma ba a fasa shi, ba a jefa shi a bola ko a wuta, wurin wanda ya sayar maka za ka mayar.